Sabuwar tashar Oshodi, danfo ko jirgin ƙasa: wanne ya fi wa mai fita nema daga Agege da Abule Egba?

A Legas, wanda ke kwana a Agege, Dopemu, Iyana Ipaja ko Abule Egba, abincinsa kuma yana can Obalende, Idumota, Mile 2 ko Apapa, da wuya ya kauce wa Oshodi safe da yamma. A nan ne titin da ya gangaro daga wajen Abeokuta ya gamu da babban titin da ya haɗa Apapa da Oworonshoki, ga layin dogo kuma ya tsaga ta tsakiya. Shi ya sa sababbin zuwa daga Arewa, da zarar sun sami wurin kwana, tambayar da ke biyo baya ita ce: in shiga sabuwar tasha in hau bas ɗin gwamnati, ko in tsaya bakin titi in tari danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta 'yan kasuwa? Daga ƙarshen 2024 kuma aka sami na uku, wato jirgin ƙasa na Red Line.

Waɗanda suka san Oshodi kafin 2009 ba sa bukatar a ba su labari. 'Yan kasuwa sun baje kaya har kan layin dogo, manyan motocin molue sun tare titi suna lodi, 'yan sane kuwa sai ka ce nan aka yanke musu cibiya. A watan Janairun 2009 gwamnatin Babatunde Fashola ta share wurin. A farkon 2016 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta rushe kasuwar Owonifari, aka shiga ginin tashar da ake gani yanzu, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya buɗe ta a watan Afrilun 2019. Gine-gine uku ne masu hawa, doguwar gadar masu tafiya a ƙasa ta haɗa su ta sama. Tasha ta 1 ta masu fita wajen jihar ce. Ta 2 nan ne bas ɗin BRT na Abule Egba, wato wanda aka keɓe wa titinsa shi kaɗai, ke lodi. Ta 3 kuma ita ke ɗaukar masu zuwa Obalende, Berger, Ajah da sauran sassan gari.

Ginin yana da kyau, ba mai musu. Akwai inuwa, akwai kujerun jira, akwai banɗaki, akwai fitilu da dare. Sai dai akwai abin da mutane ke cakuɗawa, kuma a kansa duk lissafin ya rataya: ginin tasha ba ya rage wa kowa minti ɗaya a hanya. Abin da ke rage lokaci shi ne titin da aka keɓe wa bas shi kaɗai. Inda wannan titin yake, bas ɗin gwamnati ya yi wa danfo fintinkau. Inda babu shi, bas da danfo da tirelar siminti duk jirgi ɗaya ya kwaso su, gosulo ɗaya za su sha. Wanda ya gane wannan zai daina tambayar wanne ya fi, ya koma tambayar wane ɓangare na tafiyarsa yake magana a kai.

Mu ɗauki ɓangaren farko, daga Abule Egba zuwa Oshodi. A watan Agustan 2020 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya ƙaddamar da layin BRT na wannan hanya, tsawonsa ya haura kilomita 13 kaɗan. An gina shi a tsakiyar titi, an katange shi da kankare hagu da dama. Bas na tashi daga Abule Egba ya bi ta Ile Epo, Iyana Ipaja, Dopemu, Mangoro, Ikeja Along, ya faɗa tasha ta 2. Da safiyar Litinin, idan kana zaune jikin taga, za ka ga danfo da ƙananan motoci sun yi cirko-cirko tun daga kasuwar Ile Epo, direbobi sun kashe inji, masu tallar ruwa da biskit na zagaya su a tsanake don sun san ba inda za su. Kai kuwa kana wucewa. Tafiyar da kan cinye wa danfo awa ɗaya da rabi ko biyu a irin wannan lokacin, bas kan yi ta cikin kusan rabin awa. A wannan ɓangaren, ni dai ban ga abin da zai sa mai hannu sake ya hau danfo ba.

Amma fa rabin awar nan daga lokacin da ka shiga bas ake ƙirga ta, kuma kafin shiga akwai layi. A nan ne BRT ke karɓe abin da ya ba ka. Tsakanin ƙarfe shida da rabi zuwa takwas na safe a Abule Egba da Iyana Ipaja, da kuma bayan biyar na yamma a tasha ta 2, layi kan miƙe ya lanƙwashe ya sake miƙewa. Motocin ba su kai yawan mutanen ba, ga waɗanda suka lalace, ga gommai da aka ƙone a Oyingbo da Berger lokacin tarzomar Oktoban 2020. Galibi layi biyu ake yi, na masu son zama da na waɗanda suka yarda su tafi a tsaye. Na 'yan tsaye ya fi saurin tafiya nesa ba kusa ba. Matashi mai jini a jika, rabin awa a tsaye riƙe da ƙarfe ba komai ba ne, ya bi wannan layin kawai. Dattijo ko mace mai goyo kuwa sai dai haƙuri a layin zama. Akwai kuma matsalar tashoshin tsakiya: wanda ke jira a Dopemu ko Mangoro da safe sai ya ga bas uku ko huɗu sun wuce shi maƙil, domin tun daga tushe suka cika. Na san masu komawa baya zuwa Iyana Ipaja don su sami shiga, kuma ba wauta ba ce.

Maganin layi ɗaya ne, sammako. Wanda ya idar da sallar asuba ya fito kai tsaye, ba tare da ya tsaya wajen mai shayi ba, yakan tarar da tasha da sauƙi. Wanda ya tsaya ya karya, ya riga ya sayi layi da kuɗinsa.

Sai maganar kuɗi. A bas ɗin gwamnati ba a miƙa tsabar kuɗi, da katin Cowry ake biya. Ka saye shi a tasha, ka zuba masa kuɗi a wurin masu zubawa ko ta manhajar waya, ka kara shi a jikin na'ura idan za ka shiga. Abin da baƙi suka fi mantawa shi ne sake karawa lokacin sauka. Na'urar kan cire kuɗin tafiya har ƙarshen layi tun a shiga, sai ka kara a fita ta mayar maka da rarar idan a tsakiya ka sauka. Wanda ya diro a Ikeja Along bai kara ba, ya biya kuɗin Oshodi ke nan. Amfanin katin shi ne farashi a tsaye yake. Hukumar sufuri ta jihar, LAMATA, kan ƙara shi lokaci zuwa lokaci, ta sanar, amma ba ya tashi don hadari ya haɗu ko don magariba ta yi. Ma'aikaci mai albashi zai iya zama ranar da aka biya shi ya ware kuɗin motar wata guda, ya zuba a kati ya huta. Waɗanda ke da kati sun ga ranarsa a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi ɓatan dabo.

Danfo kuwa farashinsa a bakin kwandasta yake. Kuɗin da ka biya da hantsi ba shi za ka biya da yamma ba, idan kuwa aka yi ruwa, ko man fetur ya yi wuya, to sai abin da Allah ya yi. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani. Ba duka laifin direba ba ne, a yi masa adalci. Kowace tasha ya tsaya akwai 'yan kamasho, waɗanda a nan ake kira agbero, da ke bin motar a guje sai an sallame su, wanda ya ƙi kuma a ɓalle masa madubi ko a cire masa robar gilashi. Wannan kuɗin daga aljihun fasinja yake fitowa. Ga rikicin canji. Kwandasta zai yi ta shelar a shigo da canji tun kafin a hau, wanda ya miƙa takardar 1,000 kuwa ya shirya jira. A ƙarshe sai ya haɗa mutum biyu da ba su san juna ba da takarda ɗaya, ya ce ku je ku raba, mota ta ja. Sai ka ga magidanci da wata baiwar Allah mai tallar kifi suna yawo ƙarƙashin gada suna neman mai yi musu canji, kowa na hararar ɗan'uwansa kamar shi ya jawo.

To me ya sa har yau danfo ke cika, alhali ga tasha mai kyau a gefensa? Saboda abubuwa biyu da bas ba zai iya ba, kuma dukansu sun shafi mutanenmu kai tsaye.

Na farko kaya. Bas ɗin BRT an ƙera shi ne don mutum da jakar hannunsa. Ba shi da but, ba a ɗaura kaya a samansa, hanyar tsakiya kuma ta 'yan tsaye ce. Mai buhun albasa ko kwandon tattasai, mai ɗaurin shadda, mai bakko biyu cike da takalma, mahaucin da ya ɗauko nama daga mayankar Oko-Oba, duk ba su da wuri a ciki. Ko da an bar ka ka shiga, ka tuna tashoshin layin a tsakiyar titi suke, sai ka hau gadar sama ka sauka kafin ka kai gare su, a Oshodi kuma ka sake hawa ka bi doguwar gada daga tasha ta 2 zuwa ta 3. Da kaya a ka, wannan kaɗai ya isa ya ƙarar da mutum. A danfo kuwa magana ce ta ciniki. Kwandasta ya dubi kayan ya ce, "Alhaji, wannan ai kuɗin kujera biyu ne." Ka ce, "Haba ɗan samari, buhu ɗaya ne fa, sa shi a baya." A daidaita, a cusa shi a but, a ɗaure ƙofar da igiya, a tafi. Ɗan kasuwa mai tafe da kaya kullum, danfo ne nasa, ko da kuwa zai kwana a gosulo.

Na biyu, danfo na shiga inda bas ba ya zuwa. Layin BRT bai bi ta cikin garin Agege ba, ta babban titin Abeokuta ya bi. Mazaunin Zango ko wajen Pen Cinema sai ya fara hawa keke Marwa ko ƙaramar motar korope zuwa Dopemu ko Mangoro, ya biya, ya hau gada, ya bi layi. Idan ka tara wannan kuɗin da wannan lokacin, wani sa'in danfon da zai ɗauke shi daga Agege kai tsaye zuwa Oshodi ya fi masa, musamman da rana tsaka lokacin da hanya ta saki. Danfo kuma duk inda ka ce "o wa", wato akwai mai sauka, zai taka birki ya sauke ka, ko da a tsakiyar hanya ne. Bas sai tasharsa, ko da ƙofar shagonku ya wuce kana kallo.

Da can acaɓa ne ke cike wannan giɓin, kuma yawancin masu tuƙa shi yaranmu ne. Yanzu a cire shi daga lissafi. Tun 1 ga Yunin 2022 aka hana shi baki ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja, Apapa da tsibirin Legas, a watan Satumban shekarar kuma aka ƙara da Oshodi-Isolo, Mushin, Shomolu da Kosofe. Har yanzu za ka gan su suna satar hanya, amma dokar ta hau kan mai tuƙi da wanda ya ɗauka, baburan da aka kama kuma niƙe su ake yi.

A ɓangare na biyu na tafiyar, daga Oshodi zuwa tsibirin Legas, labarin ya sauya. Bas ɗin da ke tashi daga tasha ta 3 zuwa Obalende ta Gbagada da Oworonshoki yake bi, ya hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, kuma a duk wannan hanyar ba shi da titin kansa. Idan mota ɗaya ta mutu a kan gadar, kowa ya tsaya. Haka hanyar Mile 2 da Apapa, inda tankoki da tirelolin tashar jiragen ruwa ke da iko da titi. A nan danfo kan ma riga bas isa, domin ƙarami ne, direbansa kuma ba ya jin kunyar kutse ko hawa gefen titi, sai dai in ya hango jami'an kula da zirga-zirgar motoci na LASTMA. Abin da bas ke sayar maka a wannan ɓangaren ba sauri ba ne. Kujera ce wadda gwiwarka ba ta dukan ƙarfe, da farashin da ka sani tun daga gida, da tabbacin cewa motar za ta kai inda aka rubuta. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne, domin danfo kan sauke fasinja a rabin hanya ya juya idan ya hango cunkoso a gaba ko ya ga lodi ya fi tsoka a ɗaya hannun. Wani bas ɗin na'urar sanyinsa na aiki, wani kuwa sai dai a buɗe taga, kada a sa rai da yawa.

Jirgin Red Line ya zo ya canza lissafin mutanen Agege musamman. Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da shi a ƙarshen Fabrairun 2024, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban shekarar. Kilomita 27 ne daga Agbado zuwa Oyingbo, da tashoshi 8: Agbado, Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba da Oyingbo. Da katin Cowry ɗin nan dai ake shiga. Tasharsa ta Agege a cikin gari take, ba sai an nemi keke zuwa babban titi ba. Mai shago a Idumota ko Balogun da ke zaune a Agege zai iya hawa ya wuce Oshodi ba tare da ya sauka ba, ya dira a Oyingbo, ya ɗan hau mota ta Iddo da gadar Carter, sai ga shi a kasuwa. Ya tsallake layin tasha ta 2, ya tsallake na ta 3, ya tsallake Third Mainland. A ganina wannan ce hanya mafi kyau ga irin wannan mutumin, da sharaɗi ɗaya: jirgi ba ya jira, kuma ba kowane lokaci yake tashi ba. Layin dogo ɗaya yake rabawa da jiragen hukumar jiragen ƙasa ta tarayya masu zuwa Ibadan, zirga-zirgarsa kuma ta fi karkata ga safiya da yamma. Wanda aikinsa ke da lokacin shiga da na tashi zai ji daɗinsa. Wanda ba ya rufe shago sai ciniki ya ƙare, wata rana biyar wata rana tara, zai riƙa zuwa da jirgi yana komowa da mota. Mutumin Abule Egba da Iyana Ipaja kuwa jirgin bai bi ta ƙofarsa ba, BRT ya fi masa kusa.

Da dare ma'aunin ya koma na tsaro. Legas na da 'yan fashin da ake kira "one chance": mota ce kamar kowace danfo, da mutum uku ko huɗu a ciki kamar fasinjoji, alhali duk bakinsu ɗaya. Wanda ya shiga sai a ƙwace waya, a tilasta masa ya tura abin da ke asusunsa, a jefar da shi a wani lungu. Kusan kullum a bakin titi suke ɗauka, da duku-duku ko bayan isha'i, lokacin da mutum ya gaji yana neman duk abin da zai kai shi gida. Don haka ko danfon za ka hau, shiga inda suke lodi bi da bi a ƙarƙashin idon 'yan ƙungiyar direbobi, kada ka tari mai wucewa don ya ce saura mutum ɗaya. Ta wannan fuskar tasha mai fitila da ma'aikata ta fi kwanciyar hankali. Ba wai bas ɗin gwamnati ya zama tudun mun tsira ba ne: a 2022 wata budurwa ta rasa ranta bayan ta shiga bas daga wajen Ajah zuwa Oshodi da dare, a 2025 kotu ta yanke wa direban hukuncin kisa. Mace ita kaɗai, ko ma namiji, kada ya shiga bas ɗin da ba kowa a ciki kuma ba a tasha ya tsaya ba. A kuma sani cewa motocin tasha kan yi ƙaranci idan dare ya yi nisa, danfo ne ke kai wa tsakar dare.

Saura masu tafiya gida. Tasha ta 1 an gina ta ne don masu fita wajen jiha, kuma wanda zai je Ibadan, Abeokuta ko wani gari na kusa da jaka ɗaya zai same ta da tsabta da tsari. Amma mai tafiya Kano, Katsina ko Sakkwato da tsarabar shekara guda, da katifa da buhun garin rogo da jarkar manja, ya fi samun biyan bukata a tsofaffin tashoshin da ke jikin unguwanni da kasuwannin Hausawa, irin na Agege, Mile 12 da Iddo, ko wajen kamfanonin manyan motoci a Jibowu. A can ne ake da 'yan dako da suka san ɗaurin kayan doguwar hanya, da direbobin da suka san inda ake tsayawa sallah da cin abinci tsakanin Ilorin, Jebba da Mokwa, da wanda za ka ba saƙo ya kai har ƙauyenku. Mazaunin Agege kuma ba shi da dalilin gangarowa Oshodi da kaya don ya sake haurawa Berger. Masu tafiya Arewa dai galibi ta Berger da doguwar gadar Kara suke fita, kuma wannan wurin kan toshe a makon Babbar Sallah saboda kasuwar dabbobi, da kuma Juma'ar farko ta wata lokacin da masu zuwa sansanonin majami'u na hanyar Ibadan ke fita.

Wanda bai yanke shawara ba tukuna, ya sayi katin ko da ba kullum zai yi amfani da shi ba, tunda bas da jirgin ƙasa da jirgin ruwan gwamnatin jihar duk shi suke karɓa. Ya riƙa zuba masa kuɗi da rana ko ta waya, kada ya bari sai da safe, domin layin masu zuba kuɗi daban yake da layin shiga mota. Ya kuma ajiye ƙananan takardu na 100 da 200 a aljihun gaba, saboda ranar da zai fito da kaya ko ya makara a kasuwa har motocin tasha su ƙare.